Gyaran Farin Gida

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen gine-ginen Gwamnati ya san takardar da ta fi kowace ban tsoro. Takardar da ke cewa a rushe gini kowa na ganinta, har a yi gardama a kanta. Wadda na ke nufi ita ce 'yar ƙaramar nan mai layi biyu, wadda ke cewa a shigo da famfo ɗaki kaza, ko a ƙara waya, ko a faɗaɗa ƙofa. Na yi shekaru ina karɓar irinta ina miƙa wa birkiloli da kafintoci, daga nan kuwa na soma sha'awar labarin gyaran da aka yi wa fadar Shugaban Amurka tsakanin 1949 da 1952. Ban san wani labari da ya fi shi nuna abin da gyara ke yi wa tsohon gini ba, alherinsa da sharrinsa duka.

Gidan shi ne wanda su ke kira White House, watau Farin Gida, a birnin Washinton. An aza harsashinsa ran 13 ga Oktoba 1792, bisa zanen wani magini mutumin Ailan mai suna James Hoban. Bangonsa na waje na dutse ne da aka sassaƙo daga jihar Bajiniya. Bayi baƙar fata da 'yan ƙwadago suka yi aikin, tare da masassaƙan dutse daga Sikotlan. Shugaba John Adams ya tare a ciki a 1800. Gidan bai cika shekara goma sha biyar da tarewa ba sojan Ingila suka shigo birnin, ran 24 ga Agusta 1814, suka cinna masa wuta, ya ƙone sai bango. Aka sake kiran Hoban ya ta da shi, ya gama a 1817. Amma fa da gaggawa aka yi, har aka sa katako a wuraren da tubali ya ke a dā. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta gaggawa, don zai sake gamuwa da ita.

Daga nan zamani ya yi ta zuwa yana sallama, ana buɗe masa. A 1833 aka shigo da ruwan famfo. A 1848 aka sa fitilun gas. A 1891 lantarki ya iso, har a ke cewa Shugaba Benjamin Harrison da matarsa tsoron taɓa makunnin su ke yi, kada ya kama su. Ko wane ɗaya daga cikin baƙin nan sai an ba shi hanya, gidan kuwa ba a gina shi da hanyarsu ba. To, ina za a bi? Sai ta cikin bango, da ta cikin manyan katakan da ke ɗauke da daɓen bene, waɗanda su ne azarar gidan. Mai famfo ya zo ya fafe azara ya wuce da bututunsa. Bayan shekara goma sha biyar mai gas ya zo ya fafe ta a wani wurin. Mai waya ya zo ya huda abin da ya rage. In an daina amfani da wani tsohon bututu ba a cire shi, sai a bar shi nan cikin bango, a shimfiɗa sabo kusa da shi.

Ƙarfin azara a kaurinta ya ke. In ka fafe rabin kaurin, abin da ka rage mata na ƙarfi ya fi rabi nesa, wannan kuwa ko wane kafinta ya sani. Duk da haka ba na ganin laifin ma'aikatan nan. An ba mutum mako guda, mai gida yana jiran ruwa, hanya mafi kusa ita ce ta cikin katako. Yankan da ya yi shi kaɗai ba zai ka da gida ba, kuma bai ga yankan wanda ya riga shi ba, don filasta ta rufe. Ainihin ciwon shi ne babu mutum ɗaya da ke riƙe da lissafin dukan abin da aka yi wa gidan. Shugaba ya kan zauna shekara huɗu ko takwas ya tafi, wanda ya gaje shi ya zo da nasa bukatu.

Manyan gyare-gyare biyu su suka ƙarasa aikin. A 1902 Shugaba Theodore Roosevelt, mutum mai iyali da yawa, ya ga gidan ya yi masa kaɗan. Aka gina wa ofisoshi wani sashe dabam ta yamma, aka ba mashahurin mai zanen gini Charles McKim 'yan watanni ya sake fasalin cikin gidan. Don a faɗaɗa babban ɗakin liyafa sai aka cire wata matakala da wani bango mai ɗauke da nauyi, aka rataye abin da ke bisa da sandunan ƙarfe. A 1927 kuma, zamanin Shugaba Calvin Coolidge, aka sake rufin gidan, aka ɗora hawa na uku na ƙarfe da kankare. Nauyin nan ya sauka a kan bangayen ciki, su kuwa na tubali ne, ba su da harsashin kirki, a kan laka su ke zaune. Bangon waje mai faffaɗan harsashi ya tsaya inda ya ke, na ciki suka soma nutsewa a hankali, suna rabuwa da shi. An ɗora wa tsoho kayan saurayi, bayan an riga an yayyanke masa jijiyoyi.

Harry Truman ya hau mulki a 1945. Da dare ya yi sai ya riƙa jin katako na kuka, ƙofofi na motsi, har ya kan rubuta wa matarsa Bess cikin raha cewa fatalwar shugabannin dā ce ke yawo a gidan. Manyan fitilun da ke rataye a ɗakunan baƙi suka soma lilo in wani ya taka daɓen sama. Shi kansa Truman ba waliyyi ba ne a sha'anin kiyaye tsohon gini, don a farkon 1948 ya sa aka liƙa wa gidan baranda ta fuskar kudu, ko da ya ke hukumar da ke ba da shawara kan ƙawar gine-ginen birnin ta ƙi yarda. Cikin watan Yuni na shekarar nan ƙafar fiyanon 'yarsa Margaret, watau babban akwatin kiɗan nan na Turawa, ta fasa daɓen bene, filastar ɗakin cin abinci da ke ƙasa ta zubo. Injiniyoyi suka buɗe daɓe da bango suka duba. An ce ɗaya daga cikin manyansu ya faɗa wa Shugaba cewa sabo ne kaɗai ke riƙe da benen. Aka tokare rufin babban zauren gabas da katakai. Da ya ke ana cikin yaƙin neman zaɓe, ba a so jama'a su ji gidan Shugaba na shirin faɗuwa a kansa, sai aka yi shiru. Ana gama zaɓe, cikin Nuwamba 1948, iyalin suka tsallaka titi suka koma wani gidan baƙi na Gwamnati mai suna Blair House.

Nan fa aka zo wurin shawara. Akwai masu cewa a rushe shi duka a gina sabo mai kama da shi, wannan kuwa ita ce hanyar da ta fi araha. Akwai masu cewa a kwance bangon dutse ɗaya ɗaya, a sake jerawa. Truman ya kafe a kan a bar bangon waje yadda ya ke, a kwashe cikin gidan kaf, a gina sabo a cikin tsoho. Majalisa ta kafa kwamiti mai mutum shida a 1949, ta ware dala miliyan 5.4. Aka ba Lorenzo Winslow zane, aka ba John McShain kwangila, wanda ya gina babbar ma'aikatar tsaron nan ta Pentagon. Aka fara aiki cikin Disamba 1949.

Ni dai, a matsayina na wanda ya san wahalar tono kusa da tsohon bango, wannan sashe na aikin ba na gajiya da karanta shi. Kafin a taɓa kome a ciki sai da aka yi wa bangon waje sabon harsashi alhali yana tsaye. A haƙa rami ƙarami a ƙarƙashinsa, a nutsa wajen ƙafa 25 har a iske tsakuwa mai ƙarfi, a cika da kankare, a jira ya kama, sa'an nan a matsa gaba a haƙa wani. Haka aka yi har ginshiƙi 126. In aka yi garaje aka haƙa biyu kusa da juna lokaci ɗaya, bango zai tsage, abin da a ke son ceto ya tafi. Bayan wannan aka tokare bangayen huɗu daga ciki da ƙarafa, aka tallafe hawa na uku da rufi, aka sauke duk abin da ke tsakani. Kafin ƙarshen 1950 gidan ya zama kamar ƙwaryar da aka fafe, fili guda mai tsawon ƙafa 165 da faɗin 85, ba ɗaki ba daɓe. Wani mai ɗaukar hoto na Gwamnati, Abbie Rowe, ya ɗauki hotunan wurin. A cikinsu za ka ga katafila da motar ɗibar ƙasa suna aiki a tsakiyar gidan, hasken rana na shigowa ta tagogin hawa biyu. Wanda ya wuce ta titi kuwa ba abin da zai gani sai Farin Gida yadda ya saba ganinsa.

Ta ina katafilar ta shiga? Masu aiki sun nemi a fasa bango a faɗaɗa ƙofa, Truman ya hana. Sai aka kwance ta gunduwa gunduwa, aka shigar, aka sake haɗa ta a ciki. Wannan umurni ya jawo ɓata lokaci da kuɗi, kuma a ganina shi ne mafi kyaun abin da aka yi a dukan aikin.

Aka ta da sabon ƙashin gida na ƙarfe, wajen tan 660, a kan nasa harsashin, ya ɗauke wa tsohon bango kayan da aka daɗe ana ɗora masa. Aka haƙa hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa don injuna, aka bar wa bututu da waya da iskar sanyaya ɗaki hanyoyinsu na musamman a cikin ginin. Da Rasha ta gwada bam ɗinta na atom a 1949, aka ƙara da mafaka a ƙarƙashin ƙasa. Ba wa bututu hanyarsa shi ne maganin ainihin cutar, domin tun daga ranar mai famfo ba shi da dalilin fafe azara. Zamani ba ya daina sallama. Gidan da ba a yi wa baƙo ɗaki ba, baƙon zai kwana a inda ya samu.

Zuwa nan yabo ne. Saura abin da ke sa ni ajiye littafi in yi tsaki.

Winslow ya shirya tun farko a ciro ƙofofi da katakon adon bango da duwatsun bakin murhu da zanen filasta a hankali, a ba ko wane lamba, a adana, a mai da shi mazauninsa in an gama. An kuwa fara yin haka. Sai yaƙin Koriya ya ɓarke cikin Yuni 1950, kaya suka yi tsada, kuɗin da aka ware ya soma kasawa. Ran 1 ga Nuwamba na shekarar nan wasu mutum biyu 'yan kishin ƙasar Puerto Rico suka kai hari Blair House don su kashe Shugaba, har ɗan sanda Leslie Coffelt ya rasa ransa wajen tare su. Gidan aron a bakin titi ya ke, ba shi da tsaro irin na fada. Truman kuma yana so ya kwana a gidan kafin wa'adinsa ya cika. Sabo da haka gaggawar tana da dalili, ba zan ce ba ta da shi ba. Amma sakamakonta shi ne da aka fito da tsohon katako aka ga ya tsattsage, fenti ya yi masa kauri, gyaransa na bukatar hannu da haƙuri, sai aka ga ya fi sauƙi a sa inji ya yanko sabo. Aka rage yawan ado, aka sauƙaƙa zane. Tarin tsofaffin kaya aka loda a motoci aka kai barikin soja na Fort Myer aka cike ƙasa da su. Wasu aka yayyanka aka sayar wa jama'a don tunawa, wannan ya sami tubali, wancan guntun katako ko tsohuwar ƙusa. Dubban tubala aka ba gidan George Washington na Mount Vernon. A cikin manyan ɗakunan baƙi, ɗakin liyafa ne aka mai da wa katakonsa na 1902, shi ma aka shafe shi da koren fenti. Abu guda mai daɗin ji shi ne an tsaga waɗansu tsofaffin azarun aka lulluɓe bangon ɗakunan hawan ƙasa da su. Kujeru da labule kuwa yawancinsu wani babban kanti na birnin Nuyok aka ba kwangilarsu, sababbi masu kwaikwayon tsofaffi.

Ran 27 ga Maris 1952 Truman ya koma gida. Aikin ya ci wajen dala miliyan 5.7. Gidan ya yi ƙarfi, ba ya kuka, ba ya tsoron gobara kamar dā. Masu suka kuwa suka ce ya koma kamar babban otal.

Wani zai ce, to, mene ne aka yi hasara? Cikin gidan da aka zubar ai ba na 1800 ba ne, wuta ta cinye wancan tun 1814. Na 1817 ne, da na 1902, da ƙarin da aka yi ta yi a tsakani. Ga shi kuma an mai da manyan ɗakunan a mazauninsu da sunayensu, mai siffar ƙwai yana nan da siffarsa, zauren gabas yana gabas, in ban da babbar matakala da aka juya wa fuska. Baƙon da ya shiga ba zai gane kome ya sake ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda tsarin ɗakuna babban rabo ne na halin gida. Ɗan da ya yi shekara ashirin a tafiya, in ya dawo ya iske zaure inda ya bar shi, turaka inda ya bar ta, zai ce gidansu ne ko da an sake yaɓe.

Duk da haka akwai abin da tsari ba ya riƙewa. Katakon da mutum ya fere da hannu ba ya fita daidai da ɗan'uwansa, ido kuwa yana jin wannan ko da bai san abin da ya ji ba. Daɓen da Abraham Lincoln ya taka a shekarun yaƙin basasa, wanda aka yi a 1951 ba zai zama shi ba kome kyaunsa. Ba ina cewa a bar Shugaba ya kwana ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara don Lincoln ya taɓa kwana a nan ba ne. Ƙashin ƙarfen tilas ne, duk wanda ya ga yadda bangayen ciki suka nutse ba zai yi musu ba. Abin da ba tilas ba shi ne zubarwa. Sito nawa ya ke ci a cikin dala miliyan biyar? In kuɗin gyaran ƙofa bai samu bana ba, a jingine ta a inuwa da lambarta, wata rana mai kuɗi da haƙuri zai zo. Abin da aka ajiye ana iya zubar da shi gobe in an ga dama. Wanda aka binne a barikin soja kuwa ya tafi ke nan. Na ga irin wannan a ƙananan ayyukan da na tsaya a kansu, ranar da aka ce a gama kafin babban baƙo ya iso, a ranar ce tsohuwar ƙofa ta kan zama itacen wuta.

Ba a ko yi shekara goma ba aka shiga neman abin da aka watsar. Da Jacqueline Kennedy ta shiga gidan a 1961 ta iske kusan ba abin da ke nuna shekarunsa. Ta kafa kwamitin masana, aka naɗa wa gidan ma'ajin kayan tarihi na farko, aka kafa ƙungiyar tarihin Farin Gida, aka bi sito-sito da gidajen masu hali ana roƙo ana saye. A shekarar nan Majalisa ta yi doka cewa kayan tarihin gidan ba mai ikon sayarwa ko bayarwa, wanda ba a amfani da shi a kai gidan ajiya na Smithsonian. Labarin dutsen murhun ɗakin liyafa ya isa misali. An yi shi a 1902 da kawunan zakoki, Roosevelt ya sa aka sake sassaƙa su suka zama na ɓaunar Amurka. Lokacin gyara aka cire shi, ya ƙare a ɗakin karatun tunawa da Truman a jihar Misuri. Uwargida Kennedy ta nemi a dawo da shi, aka ƙi. Sai a 1962 aka sassaƙa wani mai kama da shi aka sa. Watau gidan ya koma yana aron kamannin kayansa.

Tunanin mutane ya ci gaba da sakewa. Daga 1980 aka shiga kankare fentin da ya taru a bangon waje shafi bisa shafi, sai ga baƙin tabon gobarar 1814 a jikin dutse. Maimakon a rufe duka, aka bar waɗansu wurare a buɗe don masu zuwa su gani. Da an bi shawarar masu neman araha a 1949, da babu dutsen balle tabon.

Sai dai dokar 1961 kujera da hoto ta tsare, ba ta tsare bango ba. Babbar dokar kiyaye gine-ginen tarihi da Amurka ta yi a 1966, wadda ta wajabta wa ma'aikatun Gwamnati su tsaya a duba kafin su taɓa tsohon gini, ta keɓe Farin Gida da ginin Majalisa da na Kotun Ƙoli, ba ta hau kansu ba. Cikin Oktoba 2025, bisa umurnin Shugaba Donald Trump, aka rushe sashen gabas na fadar don a gina babban zauren liyafa. Sashen nan dabam ya ke da ainihin tsohon gidan da Truman ya gyara. An fara shi a 1902, aka faɗaɗa shi a 1942, nan ofishin matar Shugaba ya ke, ta nan kuma masu ziyara su ke shiga. Masu goyon baya suka ce gidan ya daɗe yana bukatar wurin da zai ɗauki manyan taruka, ana ta kafa rumfuna a fili, kuma shugabannin baya ma sun rushe sun gina. Masu suka suka ce ba a tsaya an saurari kowa ba. Ƙungiyar tarihin gidan ta ce ta ɗauki hotunan sashen da awonsa kafin a taɓa shi. Cikin 'yan kwanaki aka gama da shi, injunan da suka yi aikin kuwa ba wanda ya kwance su, a haɗe suka shigo.